Musayar Waƙa a Kan Ƙudurin Ɓalewa na 1950

Ɗan Yalwa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Juma'a na kai yarana su ga kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi. Babban ya san an kashe shi a Janairun 1966, ƙaramin ya san hotonsa ne a jikin naira biyar. Babu wanda ya taɓa jin ƙudurin da ya kawo a Majalisar Dokokin Arewa a watan Agustan 1950, na a gyara mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, alhali a wurina ranar nan ita ce ranarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Ga ƙwar biyu, mai iyawa ya amsa.

Da sunan Ilahi nake farawa,
Ina son yabon malaminmu Ɓalewa.

Kwalejin Katsina ta horar da shi,
A Midil ta Bauchi yake koyarwa.

Ba ɗan sarki ne ba, alli ya ɗauka,
Da shi ya yi tsanin da ya kai shi hawa.

Da ya je Kaduna ya miƙe tsaye,
Ga manyan En'e, ga kuma Turawa.

Ya ce a bincike mulkin En'e,
Mutum ɗai da iko akwai gyarawa.

Ya kira cin hanci da ainihin suna,
A bainar jama'a, ba shakkar kowa.

Ku masu tuna muryarsa kaɗai,
Ku tuna da abin da take furtawa.

Na Wunti:
Allahu Akbar! Ɗan Yalwa ka gama magana, Allah ya ƙara basira. Mutanen Kano sai su shigo mota su zo Bauchi koyon waƙa.

Ɗan Sawaba:
Na Wunti, bari a gama awo kafin ka ɗaure bakin buhu. Ɗan Yalwa, ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU, ta 'yan Sawaba, a Kano, cikin watan ƙudurin naka. Karɓi taka.

Ɗan Yalwa na ji yabonka sarai,
Sai dai akwai shafin da za mu duba.

Watan da naka ya tashi Kaduna,
A Kano aka haifi jam'iyyar Sawaba.

Naka ya ce a yi wa rigar faci,
Namu suka ce ba za mu sa ta ba.

Wa aka kai gidan yari kan kati?
Wa alkalin En'e ya yi wa azaba?

Da ya hau kujerar Ikko mun zuba ido,
Dogari bai ajiye bulalarsa ba.

Gwaggo Hansatu:
Ku tsaya, ni ma ina da abin cewa. A zaɓen 1959 matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba, har aka yi juyin mulki ba a ba su ba. Mahaifiyata sai a 1979 ta fara shiga layin zaɓe, da furfura a kanta.

Ku 'ya'yana ku saurara mini,
Kuna rabon gado kun ware mata.

Ɗan Yalwa, malaminka ya hau mulki,
Ina ƙuri'ar kakarka da ƙawarta?

Matan Kudu sun bi layi sun jefa,
Ta Arewa na gida riƙe da muciyarta.

Gambo ta Zariya ta nemi haƙƙin,
Gidan yari aka ba ta ladanta.

Kai ma Ɗan Sawaba kada ka yi murna,
Ka yi baiti biyar ka mance sunanta.

Malam Aruli:
Gafara dai Gwaggo, zan ɗan ratsa. Ɗan Sawaba, baitinka na biyu ya karye. "Watan da naka ya tashi Kaduna" gaɓa 11 ne, ɗan uwansa "A Kano aka haifi jam'iyyar Sawaba" gaɓa 13. Sannan baiti biyu ka rufe da "ba" ta korewa. Amsa-amon da kowace jimla za ta ba ka kyauta ba gwaninta ba ne. Shi kuwa Ɗan Yalwa a kan karin waƙa na Mutaƙarab ya gina tasa.

Ɗan Yalwa ya hau Mutaƙarab sarai,
Dokinsa yana tafiya bisa tsari.

Naka yana ɗingishi tun daga zaure,
Ka sauka ka ja shi, ka daina sauri.

Siyasa daban ce, aruli daban,
Mai son ya yi waƙa ya fara da kari.

Ɗan Sawaba:
Malam, ana zancen bayan talaka,
Kai kana ƙirga gaɓa da yatsa.

Wanda aka ɗaure a kan katin jam'iyya,
Bai auna kari ba da ya yi kukansa.

In kuma awo ne, a auna da kowa,
Kada a ɗaga wani a danne na ƙasa.

Duba ɗangon ƙarshe na abokin naka: "Ku tuna da abin da take furtawa." Gajerun gaɓoɓi biyu ne a jere tun daga farko. Ina Mutaƙarab a nan? Me ya sa idonka bai gan shi ba?

Malam Aruli:
Na gan shi. Wannan ɗan zamewa ne a ƙafa guda, kunne yana haƙuri da shi. Naka ƙari ne na gaɓa biyu cur, ko mai rera waƙar makaranta sai ya haɗiye numfashi kafin ya kai ƙarshe. Rera su biyun da baki ka ji.

Na Wunti:
Malam ya yanke hukunci, a tashi kotu.

Yaron Fagge:
Ai kuwa kotu ce, irin ta En'e. An san wanda zai ci shari'a tun kafin a zauna. Ɗan Sawaba, baitinka na riga da faci ya fi waƙarsu duka, ko da gaɓa ashirin ne. Kada ka gyara ko wasali.

Malam Aruli:
Yaro, ni ba ɗan kowace jam'iyya ba ne. Kawo naka baitin in auna.

Yaron Fagge:
Ni mai sauraro ne, Malam.

Ɗan Layin Dogo:
Don Allah ku bar faɗan gaɓa, zaren ya tafi wani wuri. Ni daga Gombe nake. Kafin ya zama Firayim Minista a 1957 ya riƙe ma'aikatar ayyuka, sannan ta sufuri. Layin dogon Barno an fara shi a 1958, ya isa Maiduguri a 1964. Malam Aruli ka rufe ido, nawa ba awo.

Ni ban iya kari ba, ku yi haƙuri,
Abin da na sani shi ne hanya.

Dogo ya tashi daga Kuru kusa da Jos,
Ya ratsa Bauchi da Gombe yana tafiya.

Ya kai Maiduguri, gyaɗa da auduga da shanu
Suka samu ƙofar fita duniya.

Babana ya yi lebura a dogon nan,
Da kuɗin ya yi aure ya kafa zuriya.

Na Wunti:
Allah ya jiƙan Baba. Wannan ita ce shaida, ba surutu ba.

Ɗan Yalwa:
Ku gafarce ni, kwana biyu babu wuta a unguwarmu, waya ta mutu. Na dawo na tarar an yi ta. Ɗan Sawaba, ka ce faci ne. Bayan ƙudurin nan, a 1952 aka soke tsarin da sarki shi kaɗai ne En'e, ya koma sarki tare da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar Dokar En'e. Daga cikin majalisa aka fara wannan, kuma malamin makaranta ne ya buɗe ƙofar. Sauran kuma ga shi.

Ka ce da shi faci, to na ji, faci,
Ina rigar da kuka gama ɗinkawa?

Aminu da Garba a Midil guda,
Suka raba alli suna koyarwa.

Da Malam ya ci Kano ta Gabas,
A wane ɓangare ya je zaunawa?

Ƙawancenku da jam'iyyar Zik ya kai shi
Layin gwamnatin nan ta Ɓalewa.

Kana ta kukan bulalar dogari,
Bulalar majalisa wa aka bai wa?

Don masu ƙuruciya: bayan zaɓen 1959 Malam Aminu Kano ya zama mataimakin babban bulaliyar gwamnati a Majalisar Wakilai ta Ikko. Ba zagi nake ba, ina girmama Malam.

Ɗan Sawaba:
Sannu da dawowa. Malam Aruli, wannan karon babu "ba" ko ɗaya a ƙarshen baiti.

Bulalar majalisa ba ta fasa fata,
Ta dogari har yau da tabonta ake fama.

In dokoki kake so mu lissafa,
Wa ya kai dokar ta-ɓaci Jihar Yamma?

Wa ya ƙulla tsaro da Ingila,
Har sai da ɗalibai suka ce ba dama?

Mai gyaran En'e da ya samu ikon,
Ya bar En'e na ɗaure mu, ya hau sama.

Yarjejeniyar tsaron an soke ta a Janairun 1962, dokar ta-ɓacin kuma Mayun shekarar ce. Ka duba.

Na Wunti:
Mutumin da gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa a 1961 saboda gwajin bam a hamadar Sahara, shi kake son nuna mana yaron Turawa ne? Haba Ɗan Sawaba, ka ji tsoron Allah.

Malam Aruli:
Baiti na biyu ya zauna, na yaba. Na farkon har yanzu ɗangon ƙarshe ya fi ƙarfin numfashi.

Gwaggo Hansatu:
Kwana uku ke nan. An amsa wa mai dogo, an amsa wa mai gaɓa, har Faransa an je.

Na yi tambaya kun bi ta kaina,
Kamar yadda majalisarku ta yi wa mata.

Ɗan Yalwa:
Gwaggo ki yafe mini. Na karanta tun ranar da na dawo, na yi ta juya ta ban samu abin kāre shi ba.

Gwaggo na durƙusa, ba ni da amsa,
A nan malamina ya gaza cikawa.

Wanda ya miƙe a kan En'e,
Ya bar ku a baya, ku matan Arewa.

Yabon da na yi masa ban janye ba,
Wannan kam bashi ne, ba musantawa.

Ɗan Sawaba:
Gwaggo, laifina ya fi nasa, don Gambo tamu ce. Baitocinta na nan tafe bayan Isha'i in Allah ya so, ƙwar biyar zan yi mata. Ɗan Yalwa, maganar Jihar Yamma har yanzu ba ka taɓa ta ba, ina jira.