Finafinan James Cameron: Terminator 2 ko Avatar, wanne ya fi iya siddabarun hoto?

Abbakar_Kn: Salam yan uwa, don Allah ku raba mana gardama. Ni dai har yau gani nake Terminator 2 na 1991 ya fi Avatar burge ni, musamman mugun mutum-mutumin nan T-1000 da yake narkewa kamar dalma ya ratsa ta karafunan kofa. Ku ya kuka gani?

Maman Hanif: Wslm. Ai malam kar ka manta da The Abyss na 1989, a can Cameron ya fara gwada ruwan nan mai fuskar mutum, kamfanin ILM ne suka yi, kuma su suka zo suka yi T-1000 daga baya. Abin da ya sa T2 bai tsufa ba, aikin kwamfutar kadan ne, sauran duk motoci ne na gaske da helikwafta na gaske da mutum-mutumin da Stan Winston ya kera, ido yana ganewa wallahi.

Sadik Zinder: Ni kam ina bayan Avatar gaskiya. A 2009 kamfanin Weta na New Zealand suka gina duniya sukutum, daji da dabbobi da komai, kuma motsin fuskar yan wasan aka dauka aka dora wa Na'vi, wato mutanen wannan duniyar ta fim din. Na biyun na 2022 ma a cikin ruwa aka dauki motsin, sai da suka koyi rike numfashi. Matsalar a waya muke kallo, fim din kuwa don sinima aka yi shi.

Abbakar_Kn: Haka ne Sadik, amma labarin T2 ya fi kama min zuciya. Wa ya kalli Aliens na 1986 a cikinku?