Littattafan zaratan sojoji: yaya ake gane na kirki tun daga shafukan farko?

Nafi'u: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kan littattafan yaƙi masu labarin dakaru na musamman, 'yan tsirarun nan da ake turawa ceto ko kamo wani. Ba jerin sunaye nake so ba, ma'auni nake so. Me zan duba in gane marubuci ya san abin da yake faɗa?

Malam Haruna: Wa alaikumus salam. Nafi'u, fara da ƙirga harsashi. Gidan harsashin bindigar M4 talatin yake ci, kuma in aka sake ta tana aman wuta, bai kai daƙiƙa uku ba ya ƙare. Abin da sojan Amurka ya saba ɗauka gida bakwai ne, wato harsashi 210. To in ka ga jarumi ya yi shafi biyar yana ɓarin wuta bai canza gida ba, ajiye littafin. Sai salansa, bututun da ake ɗaura wa bakin bindiga. Ba ta mayar da bindiga bebiya, rage ƙara take yi ta kuma ɓoye walƙiyar baki. Harsashin da ya fi sauti gudu yana da tasa ƙarar a iska, salansa ba ta taɓa ta. Wanda ya rubuta an harbe mai gadi abokinsa na ɗaki na gaba bai ji komai ba, a fim ya yi karatunsa.

Yaya Bilki: Malam, ka manta ƙaramar bindigar Glock da ake ta "zare mata makulli" da babban yatsa. Ba ta da wannan makullin a gefe, nata a jikin kunama yake.

Malam Haruna: Haka ne, Hajiya. Wannan kuskuren ya tona asirin marubuta da yawa.

Ɗanjuma: Ni ma'aunina tsarin tawagar. Rukunin Green Berets na Amurka mutum goma sha biyu ne: kyaftin, mataimakinsa, sajan mai kula da tawaga, sajan leƙen asiri, sai bibbiyu a fannin makamai, injiniya, jinya da sadarwa. An yi su bibbiyu ne don a iya raba su gida biyu kowane ya tsaya da ƙafarsa. SAS, rundunar musamman ta Birtaniya, wadda David Stirling ya kafa a 1941, an san ta da sintirin mutum huɗu. Littafin kirki zai nuna maka kowa da aikinsa, kuma sau da yawa sajan ne ƙashin bayan tafiyar, ba hafsa ba. In mutum ɗaya shi ne gwanin harbi, shi ne likita, shi ke tuƙa jirgi, ya kuma iya harshe bakwai, to tatsuniyar Gizo ce aka sa wa kaki.

Baba Sale: Duk kun yi gaskiya, amma ku bar bindiga tukuna. Abin da ke rusa irin wannan aiki galibi ba ya da kunama. Ku nemi littafin da shirinsa ke wargajewa saboda mai, batir, ƙura ko rediyo, domin haka tarihi ya nuna.

A Afrilun 1980 Amurka ta tura Delta Force ceto ma'aikatan ofishin jakadancinta a Tehran. Jirage masu saukar ungulu takwas suka taso daga jirgin ruwan Nimitz, kuma an riga an yanke cewa in ba su kai shida ba a fasa. Ɗaya aka bar shi a hanya saboda alamar tsagewar farfela, ɗaya ya juya cikin guguwar ƙura, ɗaya ya iso sansanin hamada da lalacewar famfon hayidirolik. Saura biyar, aka fasa. Wajen janyewa ɗaya ya yi karo da jirgin C-130 mai ɗauke da mai, mutum takwas suka mutu, ko ƙofar Tehran ba a gani ba.

A Mogadishu kuwa, Oktoban 1993, an ɗauka aikin bai wuce awa guda da rana ba, sai da yawa suka bar ruwan sha da tabarau na ganin dare a sansani. Aka kakkaɓo jirage masu saukar ungulu na Black Hawk biyu da roka, faɗa ya kwana, Amurkawa 18 suka mutu, 'yan Somaliya kuwa ɗaruruwa. Marubucin da ya fahimci wannan zai dasa ƙaramin sakaci a babi na uku, ka girbe shi a na ashirin.

Nafi'u: Baba, ashe ko waɗanda suka yi nasara ba su tafi sumul ba?

Baba Sale: Ina fa, ɗana. Ranar 5 ga Mayun 1980 SAS ta kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan don ceto waɗanda aka yi garkuwa da su, minti 17 aka gama, amma ɗaya daga masu saukowa daga rufi igiya ta sarƙe shi, wuta ta ƙona masa ƙafafu. A Abbottabad ta Pakistan, 2011, a farmakin Amurka kan Osama bin Laden, jirgi mai saukar ungulu ɗaya ya faɗi cikin harabar gidan tun kafin a fara, don dogayen katangu sun dagula iskar da farfela ke turawa ƙasa. Abin da ya cece su akwai jiragen ko-ta-kwana a baya.

Yaya Bilki: Ni fa ina da ja. Akwai littattafan da lissafinsu daidai ne tsaf amma karatunsu azaba, shafi uku ana bayanin madubin bindiga da lambar kamfani, ka rasa ko labari kake karantawa ko takardar talla. Bayani yana da amfani ne in zai ciji wani a gaba. A ce tabarau na ganin dare: abin da yake nuna maka bai wuce faɗin digiri 40 ba, kamar leƙe ta bututu, kuma yana rikita nisa. Jimla ɗaya ta isa, muddin daga baya wani zai zurma rami saboda haka.

Abu na biyu, ku duba yadda aka zana abokan gaba da mutanen gari. In duk wawaye ne masu rugowa cikin wuta, babu fargaba a labarin. In kuwa tafinta ko makiyayin da ya ci karo da maɓoyarsu mutum ne mai nasa lissafi, a nan littafi ke yin nauyi, don dole tawagar ta yanke shawarar da bindiga ba ta warwarewa.

Ɗanjuma: Yaya Bilki ta taɓo inda yake. Ku ƙara da rauni. Harbi a kafaɗa da ake mayarwa ƙwarzane, wurin akwai babbar jijiyar jini da gaɓa da jijiyoyin motsa hannu, mai shi ba zai hau katanga ba. In jijiyar cinya ce, mintuna kaɗan ne, sai an ɗaure sama da raunin tamau an rubuta lokacin ɗaurin. Kuma mai rauni ɗaya yana cinye mutum biyu zuwa huɗu wajen ɗauka. A sintirin mutum huɗu, aikin ya ƙare ke nan.

Malam Haruna: Ga nauyi kuma. Litar ruwa kilo ɗaya ce. A ce lita shida a yini, kwana uku a hamada, kilo 18 ke nan kafin harsashi, batir da rediyo.

Nafi'u: To waɗanda tsofaffin sojoji suka rubuta da kansu fa? Ba su fi aminci ba?

Baba Sale: Sun fi iya ƙananan abubuwa, gajiya da sanyi da barkwancin bariki, amma kada ka haɗiye duka. Sintirin SAS na mutum takwas da aka sauke a Iraƙi a Janairun 1991, rediyonsu bai samu sansani ba, uku suka mutu, biyu daga ciki sanyi ne ya kashe su, aka kama huɗu, ɗaya ya taka har Siriya. Waɗanda suka tsira sun rubuta littattafai, kuma bayanansu sun saɓa wa juna, musamman kan yawan waɗanda suka ce sun kashe. In ka samu biyu a kan aiki ɗaya, karanta su a jere.

Yaya Bilki: Nafi'u, in jerin littattafai ne masu jarumai iri ɗaya, ɗauki na ɗaya ko na biyu. Daga na shida galibi an daina kashe kowa a tawagar, sai dai sabon da aka shigo da shi a babin farko.