Daga Kano zuwa Mambila da Hilux: neman shawara kan hawan dutse da kwana a tanti

Ɗan Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tuƙi a hanyoyin duwatsu. Ni da abokaina biyu, dukanmu mazauna birnin Kano, muna shirin zuwa tsaunin Mambila da ke jihar Taraba a watan Disamba, kuma niyyarmu ba ta tsaya ga isa Gembu a kan kwalta ba, muna so mu ratse zuwa ƙananan hanyoyin ƙauyuka, mu kafa tanti mu kwana a waje. Motar Toyota Hilux ce mai shan fetur, mai giyar hannu, tana kuma da ƙaramin sandan nan na biyu mai ɗauke da H2 da H4 da L4, wanda ban taɓa buƙatarsa ba, domin tsakanin Gwale da Bompai babu abin da zai sa mutum ya taɓa shi. Yaushe ake amfani da kowace giya, me ya kamata a duba a jikin motar kafin a tashi, kuma a ina ake barin baƙo ya kafa tanti?

Bakaniken Ƙofar Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawan masu tambaya irin wannan hankalinsu yana kan hawa ne, alhali kuwa gangara ce take kifar da mota. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, idan ya ga gangara sai ya ɗora ƙafa a kan birki ya yi ta dannawa, har birkin ya ɗauki zafi, man birkin ya tafasa, ya wayi gari yana taka feda tana nutsewa ba tare da motar ta rage gudu ba. Ƙa'idar ita ce ka sauka da giyar da ka hau da ita, ko wadda ta fi ta ƙanƙanta, ka bar injin ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan kana saki. Kada ka taka kuloci a tsakiyar gangara, kada kuma ka saka motar a firi da sunan tattalin mai.

Game da sandan da ka ambata, H2 ita ce ta kwalta, inda tayoyin baya kaɗai ke tura motar. H4 tana haɗa tayoyin gaba da na baya, kuma wurin amfaninta shi ne burji da yashi da taɓo, wato inda taya ke iya ɗan zamewa. Idan ka bar ta a H4 a kan busasshiyar kwalta, tayoyin gaba da na baya suna juyawa tare dole, alhali a kwana ba tafiya ɗaya suke yi ba, sai ƙarfin ya taru a cikin firofela da giya har wani abu ya karye. L4 kuwa ba ta gudu ba ce, ta jan ƙarfi ce a hankali: sai ka tsaya cak ka taka kuloci kafin ka shigar da ita, kuma ka shigar da ita tun kana gindin hawan, ba sai motar ta kafe a tsakiya ba. Idan ta kasa ƙarasa hawa, ka dawo da baya a cikin ribas, a miƙe, kada ka yi yunƙurin juyawa a gicciye a jikin dutse.

Kafin ku tashi, a canja man birki idan ya daɗe, domin yana tsotsar damshi, kuma mai damshi ya fi saurin tafasa. A duba lagireto da fanbel da shokazoba da birkin hannu, a kuma gwada H4 da L4 a wani fili mai ƙasa a nan bayan gari, saboda abin da ya shekara ba a motsa shi ba yakan ƙi shiga ranar da ake nemansa. Kada ka firgita idan ka ji motar ta yi nauyi a can sama. Injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 100 na tsawo saboda ƙarancin iska. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Mambila kuwa tana wajen mita 1,600.

Tsohon Malamin Gembu ya amsa:

Malam Ɗan Gwale, na yi aikin koyarwa a ƙaramar hukumar Sardauna kafin na dawo gida Kano, saboda haka zan yi magana a kan hanya da wurin kwana. Daga nan za ku bi ta Gombe, ku sauka Numan, ku wuce Jalingo, sannan Bali da Serti. Ba tafiyar yini guda ba ce ga mai hankali. Ku kwana a Jalingo, ku cika tanki da jarkoki tun kafin ku yi nisa, ku tsara yadda za ku isa Mayo Selbe, inda hawan ke farawa, da sauran rana sosai. Daga nan hanya tana ta nannaɗewa a jikin dutse, gefe guda bango, gefe guda rami, ga manyan motoci masu saukowa da kaya, har ku fito Maisamari ku nufi Nguroje da Gembu. Hazo yakan rufe hanya da sassafe da kuma yamma, don haka tuƙin dare a wurin ba jarumtaka ba ce.

Disamba zaɓi ne mai kyau, domin damina a can ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, kuma jar ƙasar wurin idan ta sha ruwa tana santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, ko L4 ba ta hana mota zamewa. Sai dai ku sani cewa filin da za ku gani kore shar, babu kowa a ciki, yana da mai shi. Mafi yawansa makiyaya ce ko gona, wani wurin ma an kewaye shi da waya, kuma batun fili a Mambila batu ne da ya sha haddasa rikici. Kada ku kafa tanti sai kun gaida mai unguwa ko arɗon wurin, kun faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. A mafi yawan lokuta shi da kansa zai nuna muku inda za ku sauka, ya haɗa ku da wanda ya san hanya. Idan kuwa gandun dajin Gashaka-Gumti kuke son shiga, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun daji na tarayya faɗi, to sai kun je ofishinsu a Serti kun karɓi izini da ɗan rakiya. Dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a Najeriya, yana can bakin iyakar Kamaru, kuma ba mota ke kai mutum ƙololuwarsa ba, ƙafa ce. Labarin tsaro kuma ku neme shi a makon da za ku tashi, daga bakin direbobin tasha da jami'an yankin.

Direban Tarauni ya amsa:

Ina tare da Bakanike a duk abin da ya faɗa, amma ina ganin an tsallake abu mafi girma, wato tafiya da mota guda. Mota ɗaya idan ta kafe a rafi ko ta zauna a kan cikinta, babu mai janyo ta, kuma a cikin kwari sau da yawa waya ba ta samun sabis. Idan ba za ku sami mota ta biyu ba, to ku taƙaita ga hanyoyin da motocin kasuwa ke bi, ku bar sauran. Ku riƙe safaya biyu, da shebur, da igiyar ja mai ƙwari, da katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, da famfon taya mai aiki da batir. Akwai masu rage iskar taya a kan duwatsu don ta ƙara kama ƙasa, kuma gaskiya ne tana kamawa, sai dai mota mai kaya idan aka rage mata iska da yawa gefen tayar yana bultsowa, kaifin dutse ya yanka shi, kuma yankan gefe ba ya facuwa. Duk rafin da za ku tsallaka, wani ya fara shiga da ƙafa ya auna zurfinsa, domin injin da ya zuƙi ruwa ta hanyar shan iska ya gama aiki.

Maman Hanifa ta amsa:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma magana ɗaya zan ƙara, Malam. Sanyin dare a kan tsauni zai sa ku yi sha'awar shigar da kurfoti cikin tanti, kamar yadda wasu ke yi a ɗakunansu lokacin hunturu. Kada ku kuskura. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum yana barci take ɗauke shi, haka ma kwana a cikin mota da injin a kunne. Ku yi girki a waje, ku kashe wutar da ruwa, ku nemi barguna da rigunan sanyi masu kauri a Ƙofar Wambai, ku kuma shimfiɗa abu mai kauri a ƙasa, domin ta ƙasa sanyi ya fi shiga jiki. Ruwan rafi a tafasa shi kafin a sha, ko da ya yi garau, tunda shanu na sha a sama.

Ɗan Gwale ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi magana da wani maƙwabcina mai Land Cruiser, kuma da alama zai bi mu. Saura tambaya ɗaya ga Bakanike: motarsa mai giyar otomatik ce, shin ƙa'idar gangara ta shafe shi?

Bakaniken Ƙofar Ruwa ya amsa:

Ta shafe shi, Malam, har ma ta fi, domin otomatik idan aka bar ta a D tana sakin mota a gangara. Ya dawo da ita 2 ko L tun daga saman gangaren, kuma idan zai shiga L4 ya tsaya ya saka ta a N, wato firi, tukuna. Ku bar tazara mai yawa a tsakaninku, na baya kada ya fara hawa ko sauka a wuri mai wuya sai na gaba ya fita daga ciki.