Neman Shawara: Tsattsewa Sun Ƙi Yin Sheƙa a Gidan Kiwo

Assalamu alaikum. Ina kula da gidan kiwon tsattsewa a Sitiawan ta ƙasar Malesiya, inda ake sayar da sheƙar da tsuntsayen ke ginawa da yawunsu. Da yamma suna shigowa saboda kukan da muke kunna musu a lasifika, amma sai su zagaya su fice ba tare da sun maƙale a katakon rufi ba. Na rage haske, danshi kuma ya kai kashi 80 cikin ɗari, sai dai zafin benen sama yakan haura digiri 30 da rana. Shin zafin ne ke korarsu, ko warin sabon siminti? Don Allah, yaya zan sanyaya benen ba tare da katakon ya yi fumfuna ba?