Waɗanda sunka gwada "dunƙule" a sabon wasan fatake, mi kunka gani?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Wasan fataken goro da ƙanenmu ke haɗawa bai fito kasuwa ba, amma mu kaɗan mun buga shi a kan kwali. Ga wanda bai gani ba: ayari na tashi daga Sakkwato, ya bi Jega da Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu har Gwanja. Kowane zango sai an sake madugu. Kowa ya dunƙule wuri a hannu, a buɗe lokaci guda. Mai yawa shi ne madugu, shi ke zaɓen hanya, amma abin da ya dunƙula ya tafi ke nan. Wanga dunƙule nike son jin yadda ya yi da ku.

Na Runjin Sambo: Ya yi da ni, wallahi. Da wuri 40 anka fara kowa. Na ci madugu sau uku a jere ina ta baza riga, munka iso bakin Kwara ba ni da kuɗin fito. Jakaina biyu na bari gaɓa. Yaron da bai taɓa dunƙula fiye da 2 ba shi ya shiga Salaga, kasuwar goron Gwanja, da aljihu cike.

Maman Ikram: Kai Malam, ai kai ka so girma! Ni da ƙannena munka buga ranar Juma'a bayan la'asar. Abin da na lura, amfanin madugu sai a dawowa yake fitowa. Goro ba gishiri ba ne, in hanya ta yi tsawo katin sankara na faɗo maka, huhu guda ya lalace. Nan ne mai zaɓen gajerar hanya ke cin riba. Don haka na riƙa buɗe hannu wayam a tafiya, suna yi mini dariya, a dawowa na saye zango huɗu. Autarmu har yau ba ta huce ba.

Baban Arkilla: 'Ya'yana, ni ɗan dara ne. Gida 30, kowa da 'ya'ya 12, komai a fili yake, in an ci ka ka san inda ka yi sake. Wanga kuwa rabinsa karatun fuska ne. Ban ƙi shi ba, don fataken da ma da wayo da haƙuri sunka yi arziki. Sai dai madugun gaske ba a kowane zango ake sake shi ba, ku gaya wa yaron da ke haɗa wasan.

Ɗan Mabera: Baba, an gaya mai. Ya ce in madugu ɗaya ne har Gwanja, sauran ukun barci za su yi.

Na Runjin Sambo: Ni ƙorafina kunnen doki. Sau biyu muna buɗe 5 da 5, anka ce a sake dunƙulawa, ga shi na farko ya riga ya tafi. Asara biyu kan kujera ɗaya.

Maman Ikram: Mu mun yi tamu doka: in an yi kunnen doki, na uku ya haye. Sai ku ga yadda mutane ke gudun lamba 5.

Baban Arkilla: Wannan ta yi. Ku zo da kwalin gidana Asabar bayan isha'i, amma a samo wuri na gaske, waken nan da kuke ƙirgawa da shi akuya ta fara yi masa ɓarna.