Shawarwari kan haɗarin motar ɗaga kaya da diyyar ma'aikaci

A tattaunawar da direbobi da masu lodi suka yi a Ngaundere ta ƙasar Kamaru, inda jirgin ƙasa ke sauke kayan da manyan motoci ke wucewa da su Garwa da Chadi, an fi daɗewa a kan kifewar motar ɗaga kaya. Tsofaffin direbobi sun ce da ƙafafun baya take juyawa, saboda haka bayanta kan maƙure mutum da bango, kuma tana saurin kifewa idan aka sha kwana da kaya a sama. Shawararsu ita ce a sauke kayan kusa da ƙasa kafin a motsa, a yi tafiya da baya idan kaya sun tare gani, kuma idan ta fara kifewa kada direba ya yi tsalle, domin rufinta ne ke danne masu dira.

Game da diyya, an tunatar da cewa dokar Kamaru ta 1977 ta ɗora wa wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki sanar da CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, haɗarin da ya faru cikin ranakun aiki 3, hukumar kuma ta ɗauki nauyin magani tare da biyan kashi biyu cikin uku na albashi a lokacin jinya. Abin takaici, yawancin 'yan dako ba su da rajista da hukumar. An shawarce su da su riƙe takardar likita da sunayen shaidu, su kai kuka wurin sufeton ƙwadago, kada su yarda da kuɗin sulhu a bayan fage tun rauni bai nuna iyakarsa ba.