Na gano sheƙar mujiya a gonar wani, in sanar da masu kallon tsuntsayen gundumarmu ko in ja bakina?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka riga mu shiga harkar kallon tsuntsaye, musamman masu zama a nan Norfolk ta Ingila. Ni ban daɗe da farawa ba, madubin hangen nesa kawai nake da shi sai waya. Akwai wata hanyar ƙafa da nake bi da yamma ta gefen wata gona, akwai tsohon rumbu a wajen wanda rufinsa ya ɗan ɓalle ta gefe ɗaya, toh kwanan nan sai na lura farar mujiyar nan mai fuska kamar zuciya tana shiga tana fita tun kafin rana ta gama faɗuwa, kowane zuwa da ɓera a ƙafarta, kuma in ka tsaya shiru kana jin wani sauti daga ciki kamar ana minshari ana huci, na tabbata 'ya'ya ne.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, masu kallon tsuntsayen gundumar nan kullum suna gaya wa juna abin da suka gani, wane ya ga kaza a Cley, wance ta ga kaza a Titchwell, wuraren kallon tsuntsaye na bakin teku, da lokaci da wurin tsayawa duka, ni ma da irin wannan labarin na ga tsuntsaye da yawa waɗanda da ni kaɗai ba zan taɓa samu ba. Yanzu ga nawa ya samu ina so in rama alheri, amma wani dattijo da muka haɗu a rumfar kallo ya ce min kada in kuskura in faɗi wurin. Toh ina iyakar abin take? Me ake faɗa, me ake ɓoyewa, kuma in an ɓoye wa zai san akwai tsuntsun a wajen balle a kare shi?

Ɗan Fadama ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa. Dattijon nan gaskiya ya gaya maka, kuma ba ra'ayinsa ba ne kawai, maganar doka ce. Dokar kare namun daji ta 1981 tana da wani jeri na farko na tsuntsayen da aka ba kariya ta musamman, farar mujiya tana ciki, haka shahon nan da ya fi kowane tsuntsu gudu, da shirwar fadama, da ƙaramin shuɗin tsuntsun nan mai kamun kifi a bakin rafi. Duk wanda ya dame su suna gina sheƙa ko suna kan ƙwai ko da 'ya'ya, da gangan ne ko da ganganci, laifi ya yi, ana iya cin sa tara ko ɗaurin da ya kai wata 6. Ko hoto kake so ka ɗauka a bakin sheƙar sai da lasisi. Daga kan hanyar da kake tsayawa ba komai, ka ci gaba da kallonka, amma kada ka matsa kusa da rumbun kuma kada ka leƙa.

Matsalar sanarwa kuwa ba mutum ɗaya ba ne, kai ka faɗa wa mutanen kirki ashirin, a cikinsu wani ya tura wa abokinsa, abokin ya tura wa wani mai kyamara wanda shi hoto kawai yake nema, kafin ka ankara motoci sun cika bakin gonar, manomi ya fusata ya toshe rumbun ko ya daina bari a sa akwatin sheƙa a filinsa gaba ɗaya. Uwar kuma in tana ganin mutane a tsaye kusa ba za ta shiga da abincin ba, sai ta yi ta shawagi da ɓeran a ƙafa, 'ya'yan suna ciki da yunwa, ga shi ita mujiya fuka-fukanta ba sa jure ruwa, in aka yi ruwan sama kwana biyu a jere dama farauta ta tsaya mata, toh ka ga 'yan sa'o'in yamman nan da take samu su ne rayuwar 'ya'yan. Kuma har yanzu akwai masu satar ƙwai duk da tun 1954 aka haramta, ba su ƙare ba.

Hajiya Mai Rajista ta amsa:

Malam Ɗan Fadama na yarda da kai a kan sheƙa ɗari bisa ɗari, amma ƙanina ya yi tambaya ta ƙarshe mai muhimmanci ba a amsa masa ba, wato in kowa ya yi shiru wa zai sani. Faɗa iri biyu ce, mutane suke haɗe su. Akwai shela ga jama'a, akwai kuma kai rahoto ga mai rajistar tsuntsaye na gunduma. Ta farko ce ake hana ka, ta biyun kuwa roƙonka ma ake yi ka yi.

Kowace gunduma a ƙasar nan tana da mai rajista, aikin sa kai ne, shi yake tattara abin da mutane suka gani duk shekara a tace a fitar da rahoton shekara, namu na Norfolk ana haɗa tsuntsaye da dabbobi a littafi ɗaya. In ka tura masa ka rubuta a sarari cewa wannan sheƙa ce a riƙe a sirri, zai ajiye ainihin wurin a wajensa, a rahoto kuma adadi kawai zai fito ko sunan yanki. Hanya mafi sauƙi ita ce manhajar BirdTrack ta BTO, ƙungiyar binciken tsuntsaye ta Birtaniya, hedkwatarsu ma a nan Thetford take, ka sa manhajar a waya ka shigar da rana da wuri da adadi da alamar kiwo da ka gani, misali babba ɗauke da abinci zuwa sheƙa, akwai wajen da za ka nuna cewa bayanin na sirri ne. Masu amfani da manhajar eBird ta jami'ar Cornell ta Amurka su ma suna da tsarin ɓoye wasu tsuntsaye masu rauni, sai dai ka duba da kanka ko naka yana cikin waɗanda ake ɓoyewa kafin ka sa alama daidai kan rumbun mutum.

Dalilin da ya sa nake nacewa, in gobe aka zo za a rushe rumbun nan ko a mayar da shi gidan zama, abin da masu bincike za su fara dubawa shi ne ko akwai rubutaccen bayani cewa mujiya tana kiwo a ciki. In babu a rubuce, toh kamar babu ne, shirun da ka yi don ka kare ta shi zai ba da ita. Kuma ka yi wa manomin sallama ka gaya masa, yawancinsu murna suke yi saboda ɓerayen da take rage musu, wataƙila ma ya riga ka sani har akwai mai lasisi da yake zuwa sa wa 'ya'yan zoben shaida a ƙafa.

Baban Yara ya amsa:

Ni dai zan ɗan saɓa, ku yi haƙuri. Ba a kan mujiyar ba, wannan kam a bar ta. Amma ɓoye-ɓoyen nan ya yi yawa a wasu wuraren har ya zama 'yan tsiraru ne kawai suke jin labari, su kira juna a waya su je su gani su ƙoshi, sai tsuntsun ya tashi sannan sauran jama'a su ji wai an ga kaza jiya. Wannan ba kare tsuntsu ba ne. Baƙon tsuntsu da iska ta kaɗo daga gabas a watan Oktoba ya sauka a kan wata ƙaya a bakin teku, ba sheƙa yake yi ba, ba filin kowa ba ne, gobe ko jibi zai wuce, me ye amfanin ɓoye shi? Sabon shiga da aka hana shi irin wannan sau biyu sau uku sai ya ga kamar ba a son sa a ciki, ya ajiye madubin.

Ku duba abin da aka yi a Trimingham kusa da Cromer a 2022, tsuntsayen nan masu launi masu cin ƙudan zuma suka zo suka haƙa ramukan sheƙa a wani wajen haƙar yashi, abu ne da ba kasafai yake faruwa a ƙasar nan ba. Da an bi ra'ayin a yi shiru da ba wanda zai gani sai masu satar ƙwai in sun gano. Sai RSPB, babbar ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar nan, da ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta yankin suka yi magana da mai filin, aka ware wajen tsayawa daga nesa, aka samu masu gadi suna karɓa-karɓa, jama'a suka yi ta zuwa da yaransu, tsuntsayen suka ƙyanƙyashe suka fitar da 'ya'ya lafiya. Na kai nawa yaran, ƙaramar ta kalli ɗaya ta cikin babban madubi yana buga ƙudan zuma a jikin reshe kafin ya haɗiye, har yau ba ta daina maganar ba. Haka shahon da ke kan hasumiyar babban cocin Norwich, kowa ya san yana nan, har kyamara aka sa masa.

Ɗan Fadama ya sake amsawa:

Baban Yara ai misalinka ya ƙara min ƙarfi ne. A Trimingham ba wanda ya fara gani ne ya watsa ba, sai da aka shirya gadi da wajen ajiye mota da yardar mai fili sannan aka buɗe. Shahon coci kuma wa zai hau hasumiyar nan ya dame shi? Ga nawa misalin, gaurakan nan na Turai sun yi ɗaruruwan shekaru ba sa kiwo a ƙasar nan, sai a 1979 ƙalilan suka sauka a Horsey, aka yi shekaru ana riƙe maganar kiwonsu a sirri ana gadinsu a hankali, yau ga shi da sanyi kowa yana iya zuwa Stubb Mill a Hickling ya tsaya ya ga suna shigowa kwana tare da shirwar fadama. Amma a kan baƙin tsuntsaye masu wucewa ina tare da kai, a faɗa da wuri, a faɗi inda za a ajiye mota ba tare da an tare ƙofar kowa ba, in kuma a lambun gidan mutum ya sauka toh sai da izininsa.

Hajiya Mai Rajista ta ƙara da cewa:

Tunda an zo kan baƙin tsuntsaye bari in roƙi sababbi abu ɗaya, in za ku faɗa ku faɗa yadda wani zai amfana. Ba "na ga wani abu a Holkham" ba, Holkham fa babba ce. Ka sa lokaci, ka sa adadi, yana zaune ne ko wucewa ya yi ya nufi ina, in ka koma ba ka same shi ba wannan ma labari ne ka faɗa don kada wani ya tuƙo mota sa'a biyu a banza. In ba ka tabbatar ba ka ce mai yiwuwa kaza ne, ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Manhajar Merlin da kuke kunnawa a waya ta saurari kukan tsuntsu ta faɗi sunansa tana taimakawa sosai wajen koyo amma tana kuskure, kada ka shigar da tsuntsu a rajista don kawai waya ta ce, sai ka gan shi ko kunnenka ya gane kukan. Wanda yake da wuyar samu a gunduma akwai kwamitin da zai nemi bayani ko hoto, wanda kuma ya yi wuya a ƙasa baki ɗaya ana tura shi ga kwamitin ƙasa da yake aiki tun 1959.

Kuma kada ku raina na kullum. Wallahi jerin da ya ƙunshi duk abin da ka gani a tafiya ɗaya, har hankaka da kurciya da agwagwa, ya fi wa masu bincike amfani a kan rahoton baƙo guda, don da shi ake gane wanda yake raguwa da ranar da tsattsewa take isowa kowace shekara. Kurciyar nan mai ƙaura zuwa Afirka ta Yamma ta ragu ƙwarai a ƙasar nan, kuma da irin lissafin 'yan sa kai aka gano. Balbela kuma akasin haka, sai a 2008 ta fara kiwo a Ingila can Somerset, yanzu kana iya ganin ta a bayan shanu a fadamun gundumar nan, wannan canjin ma daga rahoton mutane irinmu aka bi sawunsa.

Sabon Hannu ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai. Na sauke BirdTrack yanzun nan. Hajiya tambaya ɗaya ta rage, in na yi tafiya ɗaya na bi ta gona na fita bakin fadama, jeri ɗaya zan yi ko in raba biyu? Sannan ana ta ba ni labarin Snettisham da ke bakin tekun Norfolk wai tsuntsayen bakin teku dubbai suna tashi lokaci ɗaya, yaushe ya fi kyau a je?

Hajiya Mai Rajista ta amsa:

Raba biyu ƙanina, gona daban fadama daban, kowanne da lokacin farawa da na gamawa. Snettisham kuwa ba kullum ba ne, sai ranar da teku ta yi babbar cika har ta rufe laka gaba ɗaya ta kore su sama, an fi samun haka daga ƙarshen bazara zuwa cikin sanyi, RSPB suna fitar da jadawalin ranakun ka duba kafin ka fita. Ka isa aƙalla sa'a ɗaya da rabi kafin cikar don akwai 'yar tafiya daga wajen mota zuwa bakin ruwa, ka sa kaya masu kauri iskar wajen ba wasa. In ka bari sai Nuwamba ko Disamba ka je da asuba za ka haɗa da dinyoyin nan masu jan ƙafa da suke zuwa daga Aisland, suna tashi daga kan laka layi-layi su nufi gonaki.